Yadda Ake Kallon Fim Ɗin All About Eve Don A Ci Moriyarsa

Fim ɗin All About Eve ya fito a Amurka a shekarar 1950, baƙi da fari ne, tsawonsa minti 138, kuma kusan daga farkonsa har ƙarshensa mutane ne ke magana a cikin ɗakuna. Wanda ya saba da finafinan yanzu, waɗanda ba sa barin ido ya huta, yana iya kashe shi tun ba a yi rabin awa ba, ya ce babu abin da ke faruwa. Alhali kuwa abubuwa na faruwa a kowane minti, sai dai a fuskokin mutane suke faruwa, musamman fuskokin waɗanda suka yi shiru suna sauraro. Duk shawarwarin da ke tafe sun ginu ne a kan wannan batu guda, wato mai kallo ya koyi ɗauke idonsa daga mai magana ya mayar da shi kan mai sauraro.

Kafin ka fara, ya kamata ka san 'yan abubuwa kaɗan. Joseph L. Mankiewicz ne ya rubuta fim ɗin kuma ya ba da umarni, ya ɗauko tushen labarin daga wani gajeren labari da Mary Orr ta wallafa a mujallar Cosmopolitan a 1946, kamfanin 20th Century Fox ne kuma ya shirya shi. Labarin yana gudana ne a duniyar wasan kwaikwayo na dandamali a unguwar Broadway ta birnin Niyok, inda ɗan wasa ke tsayawa gaban jama'a kowane dare ya maimaita wasa guda, inda kuma sharhin jarida ɗaya ke iya ɗaukaka mutum ko ya durƙusar da shi kafin gari ya waye. Bette Davis ce ta fito a matsayin Margo Channing, tauraruwar da ta cika shekara arba'in, Anne Baxter kuma ta fito a matsayin Eve Harrington, yarinyar da ta zo mata da sunan masoyiya. Ka nemi kwafi mai sauti garau, ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo idan Turancin ya yi maka sauri, ka kuma ware lokacin da babu mai katse ka, domin jumla guda da ta wuce ka a farko tana iya zama mabuɗin abin da zai faru bayan awa guda. Shawarata ita ce ka kalle shi sau biyu, na farko don ka bi labarin, na biyu don ka ga yadda aka saƙa shi. Wanda ba ya son a faɗa masa ƙarshen labari, sai ya dakata a nan, ya je ya kalla, sannan ya dawo.

Fim ɗin yana buɗewa da bikin ba da lambar yabo, inda ake shirin miƙa wa Eve kyautar da ta fi kowace daraja a sana'ar. Muryar da ke gabatar mana da mahalarta ta Addison DeWitt ce, mai sharhi a jarida, wanda George Sanders ya fito a matsayinsa. Kada ka damu da jawabin dattijon da ke kan mumbari, domin shi kansa fim ɗin ya rage masa murya. Ka dubi mutanen da ke zaune a teburi, ka ga waɗanda ke tafi da waɗanda suka ƙi ɗaga hannu. Margo ba ta tafa ba, ƙawarta Karen ma ba ta tafa ba. A daidai lokacin da Eve ta miƙa hannu za ta karɓi kyautar, sai hoton ya tsaya cak, labarin ya koma baya da wasu watanni. Ka lura cewa Mankiewicz ya sanar da kai tun a minti na farko cewa yarinyar ta kai inda take so, saboda haka tambayar da ya bar maka ita ce ta wace hanya ta bi, da kuma wa ta taka kafin ta isa. Ka kuma riƙa lura da wanda ke ba da labarin a kowane lokaci, domin yana sauya hannu daga Addison zuwa Karen zuwa Margo, Eve kuwa ba a taɓa ba ta wannan damar ba. Ba mu taɓa jin abin da ke cikin zuciyarta daga bakinta ba, sai abin da ta zaɓi ta nuna wa mutane.

Wurin da ya fi cancanta ka tsaya ka maimaita shi ne haɗuwar farko a ɗakin kwalliyar Margo. Karen, matar marubucin wasannin Margo, ta tarar da Eve a lungun bayan gidan wasa, sanye da tsohuwar rigar ruwa da hula, bayan ta daɗe tana ganinta a wurin kowane dare, sai tausayi ya kama ta ta shigar da ita. Margo tana zaune gaban madubi, ta cire gashin wasa, fuskarta shafe da man goge kwalliya, wato a yanayin da babu tauraruwar da ke son baƙo ya gan ta. Eve ta zauna da ladabi ta ba da tarihinta cikin murya ƙasa-ƙasa: talauci a jihar Wisconsin, aiki a kamfanin giya, miji soja da ya mutu a yaƙi, sannan ranar da ta fara ganin Margo a dandamali a San Francisco ta biyo ta har Niyok. A kallon farko za ka ji tausayinta, kuma haka ake so ka ji. A kallo na biyu ka dubi yadda take yin shiru a daidai inda ya kamata, yadda take sauke ido, yadda kowace jumla ke faɗawa a mazauninta kamar an auna ta. Sannan ka zaga da idonka kan masu sauraro. Ga marubuci, ga matarsa, ga tauraruwa, mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna sarrafa zukatan 'yan kallo, duk sun zama 'yan kallo ba tare da sun sani ba, har Margo tana share hawaye. Mutum ɗaya ce ba ta ruɗu ba, ita ce Birdie, mai taimaka wa Margo da sutura, wadda Thelma Ritter ta fito a matsayinta. Ita tsohuwar 'yar wasa ce, ta san shiryayyen labari idan ta ji shi, ta kuwa faɗi ra'ayinta a fili, aka tsawata mata ta ba da haƙuri. Daga nan ka riƙe fuskar Birdie a matsayin ma'auni. Ita ce daga baya ta gaya wa Margo cewa yarinyar nan nazarinta take yi kamar mai karanta littafi, tafiyarta da maganarta da cin abincinta. Abin da ke ba ni takaici a tsarin fim ɗin shi ne Birdie ta ɓace bayan tsakiyarsa ba tare da bayani ba, ga shi kuwa ita ce ta fara gano gaskiya.

Bayan Eve ta tare a gidan Margo a matsayin mataimakiya, ka bi diddigin hidimominta, domin kowace hidima tana da fuska biyu. Misali mafi kyau shi ne kiran wayar da ta shirya da sunan Margo zuwa ga Bill Sampson, daraktan da Margo ke so, wanda ya tafi Hollywood aiki, domin a taya shi murnar ranar haihuwarsa. Margo ta manta da ranar, kiran ya tashe ta daga barci cikin dare. A zahiri an fitar da ita kunya, amma kuma an nuna mata cewa akwai wadda ta fi ta tunawa da mutumin da take so, har ma ta aika masa da nata saƙon. Haka nan akwai lokacin da Margo ta tarar da Eve ta kara rigar wasanta a jikinta tana rusunawa kamar ana tafa mata. Margo ta yi murmushi a lokacin, amma ka dubi firgicin da ya bayyana a fuskar Eve na ɗan daƙiƙa kafin ta mayar da ladabinta.

Liyafar da aka shirya wa Bill ita ce tsakiyar fim ɗin, kuma a nan ne mutane da yawa ke yi wa Margo mummunar fahimta. Tana shan giya, tana gasa wa baƙinta magana, tana tilasta wa mai kaɗa piyano ya yi ta maimaita kiɗa guda mai sanya baƙin ciki. Idan ka tsaya a kan halinta kawai, za ka ce kishi ne ya rufe mata ido. Ka saurari abin da ta gaya wa marubuci Lloyd, mijin Karen, a keɓe: ta cika arba'in, Bill yana da talatin da biyu, kuma har yanzu matsayin 'yan mata ake rubuta mata. Tsoronta na gaskiya ne, zarginta ma daidai ne, sai dai yadda take bayyana shi ya sa kowa ya koma bayan Eve. A nan ne gwanintar Bette Davis take, domin ta bar mu mu ga munin halin matar da kuma raunin da ke ƙarƙashinsa a lokaci guda. Ita kanta ta haura arba'in a lokacin, ta rabu da kamfanin Warner Bros. a 1949 bayan shekaru masu yawa, kuma matsayin ya zo hannunta ne bayan Claudette Colbert, wadda aka fara zaɓa, ta ji rauni a baya. A liyafar ce kuma za ka ga Marilyn Monroe tun kafin ta yi suna, a ɗan ƙaramin matsayi. Kada kallonta ya ɗauke maka hankali daga zaman da aka yi a kan matakala, inda Eve ta fara magana a kan tafin 'yan kallo, idonta ya tafi wani wuri mai nisa, muryarta ta sauya, sannan ta farga ana kallonta ta kama kanta. A ganina, nan ne kaɗai ta faɗi gaskiya da son ranta a duk fim ɗin.

Wani abin da ya kamata ka lura da shi shi ne abin da aka ƙi nuna maka. Fim ne a kan 'yan wasan dandamali, amma kusan ba a nuna wasan kansa. Ranar da Eve ta yi karatun gwaji ta burge kowa, daga bakin Addison muka ji. Daren da ta maye gurbin Margo a matsayin 'yar ko-ta-kwana, bayan Karen ta zuƙe man motar don Margo ta rasa jirgin ƙasa, ba mu ga wasan ba, sai abin da ya biyo baya a ɗakin kwalliya. Ba a bukatar a nuna mana, tun da mun riga mun ga iyawarta a kan mutanen da take zaune da su. A wannan daren ne Addison ya kafa mata tarko cikin ruwan sanyi, ya tambaye ta ko a gidan wasa na Shubert ne ta fara ganin Margo a San Francisco, ta ce e. Ka riƙe wannan amsar a ranka har zuwa wani otal a garin New Haven, inda zai sanar da ita cewa babu gidan wasa mai wannan suna a San Francisco, babu mijin da ya mutu, sunan nata ma ba nata ba ne. Kada ka ɗauki wannan a matsayin nasarar gaskiya, domin mutumin ya tone asirin ne don ya mallake ta, kuma wanda ya ji sanyi a ransa a wurin nan sai ya sake duban fuskar Addison da kyau.

Akwai wurin da nake ganin mai kallo yana da damar yin jayayya da fim ɗin. A cikin motar da man ya ƙare mata, Margo ta buɗe wa Karen cikinta, ta nuna cewa duk ɗaukakar mace ba ta cika sai da miji a gefenta, daga baya kuma ta haƙura da matsayin da ke cikin sabon wasan Lloyd, wanda Eve ke nema, ta zaɓi aure. Wasu na ganin wannan tunanin zamanin ne aka ɗora mata, wasu kuma na ganin mace ce da ta gaji da yin kamar yarinya ta zaɓi abin da ranta ke so. Ni na fi karkata ga na biyu, saboda ba ta bar sana'ar ba, matsayin da ya yi mata ƙanƙanta ta ƙi. Ko ma wane ɓangare ka ɗauka, ka dubi Karen a wannan zaman, wadda Celeste Holm ta fito a matsayinta, tana sauraron ƙawarta tana neman gafara alhali ita ce ta ci amanarta a wannan daren.

Fim ɗin ya shiga takarar lambar yabo ta Oscar a fannoni 14, adadin da ba a kamo ba sai da Titanic na 1997 ya zo, ya kuma lashe 6, ciki har da na fim mafi kyau, da na darakta, da na rubutu, da na George Sanders. Mata huɗu daga cikinsa suka shiga takara, Davis da Baxter da Holm da Ritter, babu wadda ta samu a cikinsu. Kyautar Sarah Siddons da aka nuna an ba Eve a fim ɗin ƙirƙirarriya ce, amma a 1952 wasu masoya wasan kwaikwayo a Chicago suka kafa ƙungiya da wannan suna suka fara ba da ita da gaske.

Idan labarin ya dawo wurin bikin, kada ka tashi don ka ga an miƙa kyauta. Eve ta koma masaukinta a gajiye ta tarar da wata ɗaliba mai suna Phoebe ta shigo ta yi barci tana jiranta, yarinyar ta fara yi mata 'yan hidimomi ba tare da an sa ta ba. Addison ya kawo kyautar da Eve ta manta a cikin tasi, Phoebe ta karɓa a bakin ƙofa, da aka tambaye ta ko wane ne sai ta ce direban tasi ne. Daga nan ta ɗauki mayafin Eve mai walƙiya ta yafa, ta rungume kyautar, ta tsaya gaban madubi mai fuska uku tana rusunawa, kyamara kuma ta matsa har allon ya cika da siffofinta bila adadin. Ka tsayar da fim ɗin a nan, ka koma ɗakin kwalliya na farko, ka sake sauraron labarin yarinyar mai rigar ruwa, idonka a kan Birdie.