Yadda Za Ka Riƙe Maganin HIV Ba Fashi

Na sha ganin mutum ya fara karɓar magani da zafinsa, bayan wata huɗu ka neme shi ka rasa. Jiki ya murmure, kumatu sun dawo, sai ya ga kamar ya gama. Saboda irinsu nake wannan rubutu.

Da farko, ɗaura lokacin shan maganin da abin da ba ka fashinsa. TLD, wanda aka fi bayarwa yanzu a Najeriya, ƙwaya ɗaya ce a rana, ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Ni dai a wurina bayan sallar Asuba ne lokacinsa. Wasu yakan hana su barci in sun sha da dare, ga shi da Asuba babu baƙo babu biki. In azumi ya zo, ka mayar da shi sahur, shi ke nan. Ƙararrawar waya tana taimakawa, amma caji yakan ƙare.

Sai ɓoyo, kuma a nan ne akasari ke faɗuwa. Mace ba ta gaya wa mijinta ba, ga kishiya a tsakar gida. Ranar girkinta maigida yana ɗaki, robar magani kuma tana ƙara in an taɓa ta, sai ta ce bari sai gobe. Kwana biyu-biyu ke nan ana tsallakewa, kuma da irin wannan ƙwayar cutar ke samun damar bijire wa magani. Wata sai ta juye ƙwayoyin a leda ta cusa ƙarƙashin katifa. Kada a yi haka. Ɗan abin nan da ke cikin robar danshi yake tsotsewa, leda kuwa da damina ba ta tsare komai. Ɓare takardar jikin robar in ita ce damuwarki, ki sa robar cikin safa, amma maganin ya zauna a cikin robarsa. Sannan dole a samu mutum ɗaya da ya sani, ko yaya ko uwa ko aminiya, wanda zai karɓo miki ranar da ba ki iya fita. In faɗa wa miji ne ya gagara, ma'aikatan asibiti sukan zauna da ku biyu su yi bayanin.

Kula da abin da kake haɗawa da shi. Maganin ƙarin jini da masu ciki ke sha, da farin ruwan nan na gyambon ciki, suna rage shigar dolutegravir jiki. Sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Mai shan maganin tarin fuka ya faɗa a asibiti, domin rifampicin da ke cikin maganin tarin yana sa a ƙara masa wata ƙwaya.

Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuɗin mota ne ke kayar da mutane, musamman masu tsallake asibitin garinsu don kada a gan su. Nemi a ba ka na wata 3 ko 6 a lokaci guda. Mai tafiya ci-rani ya karɓi takardar sauyin asibiti kafin ya hau mota.

In ka manta, sha da zarar ka tuna, kada ka haɗa biyu. A wata na 6 da fara shan maganin ka yi gwajin yawan ƙwayar cutar a jini. In an ce ba a ganin ta, maganin ne ya danne ta, ba jiƙon wani mai magani ba, gobe da Asuba ka sha naka.