Masu Hilux ta shiga daji, a kula

'Yan uwa da kuka ɗaga mota, kuka sa manyan tayoyi da ƙarfen gaba, kada ku sake don kowa a Bauchi ya san motarku. Dare ɗaya ya ishi ɓarawo ya kwance ƙarfen, ya sauya fenti. Yau ɗin nan ku ɗauki hoton lambar bodi da ta inji, har da tabon walda na ƙarƙashin mota. Makanikin da kuka amince da shi ya ɓoye muku makunnin yanke famfon mai. Tiraka kuma, wato na'urar bin sawun mota, a sa biyu, domin in suka cire ɗaya hankalinsu kwanciya yake. In ta faru, Allah ya kiyaye, ku sanar da 'yan sanda nan take, ku tura hotunan ga direbobin hanyar Jos, Ningi da Darazo.