Kafin ka sauka a gidan dattijo a unguwar 'yan fansho ta Amurka

Muna da dattawa a Amurka, likitoci da malaman jami'a, waɗanda suka yi ritaya suka sayi gida a unguwannin da aka gina don tsofaffi kawai. Guminsu ne, kuma abin alfaharinmu ne. Tun 1960 aka buɗe Sun City a Arizona. The Villages ta Fulorida kuwa gari ce guda, har cefane a 'yar motar filin golf ake zuwa.

Zuwan ba wuya. Ka kira tukuna, ka ajiye mota inda aka ware wa baƙi, ka riƙo tsaraba.

Matsalar kwana ce. Sabon zuwa ya ji Alhaji na da ɗaki biyu babu kowa, sai ya kwaso mata da yara da akwatuna, wai kafin ya samu haya. Haba! Dokar tarayya ta 1995 ta ba waɗannan unguwanni damar hana masu ƙananan yara zama, muddin a kashi 80 cikin 100 na gidajen akwai mai shekara 55 ko fiye. A The Villages, wanda bai kai 19 ba kwana 30 aka yarje masa a shekara, kuma sai da katin baƙo ake shiga wurin ninƙaya. Maƙwabta 'yan fansho ne, suna gida wuni guda, sun san motar da ta kwana a ƙofar kowa.

Kuma ba kai za a tuhuma ba, mai gida ne. Na san dattijon da ƙungiyar masu gidaje ta aiko wa takardar gargaɗi, tara ta biyo baya. Ya ninke takardar ya cusa ƙarƙashin dardumar salla, ya ci gaba da cewa baƙinsa su ƙara tuwo. Bakinsa ba zai iya cewa ɗan garinsu ya tashi ba. Hajiya ce ta gaya mini, muryarta na rawa.

Don haka kai za ka ɗauke masa nauyin. Tun a waya ka ce, "Baba, kwana nawa dokar unguwarku ta yarda? Yara fa?" Ka faɗi ranar tafiyarka kafin ka iso, kuma ka cika alkawari. Kada ka sa adireshinsa a lasisin tuƙi ko takardun makarantar yara, domin wannan shaida ce cewa a can kake zaune. Masauki kuwa, ka nemi 'yan uwa a masallacin Juma'a su taimaka maka da shi.