Idan ɗalibi ya fara tsoron abin da ke bayan difloma

A ofishin da nake aiki a nan Tawa, ni ake danƙa wa 'yan sitaj, wato ɗaliban da ke zuwa koyon aiki, yawancinsu daga Jami'ar Djibo Hamani, wasu kuma daga Abdou Moumouni ta Yamai. Na lura tsoro yakan kama yaro ne a shekara ta 3 ta lisansi, sa'ad da karatu ya zo ƙarshe bai san inda zai dosa ba. Barci ya ƙaurace masa, ya yini a fada yana shan shayi, gida sai kwana. Iyaye, malamai da yayye, da ku nake.

Ku fara da rage tambayar nan ta "to, yaushe za a kama aiki?" A ƙasar Adar tana da nauyi ƙwarai, domin sa'o'insa da suka tafi biɗa Abijan ko Libiya sun dawo da babur, wasu har sun yi aure, shi kuwa takarda ce kawai a hannunsa. Ya san haka, ba sai an tuna masa ba. Gara ku zauna da shi bayan isha'i, ku ce ya faɗi ainihin abin da yake tsoro. Wani rashin wanda zai tsaya masa ne, wani Faransancinsa ne yake jin kunya, wani kuma bai taɓa shiga ofis ba sam. Kowanne da maganinsa, amma sai an ambaci sunansa.

Daga nan a ba hannunsa abin yi. Ya haɗa dosiye tun kafin a buɗe wani konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata: takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kwafin difloma mai hatimi, da hotuna. Takardar kotu mai nuna ba shi da laifi wata 3 kawai take aiki, don haka a bar ta sai an ga sanarwa. Ya je ANPE, hukumar da ke haɗa masu neman aiki da masu ɗauka, ya yi rajista. Ya kuma kai takardunsa na neman hidimar ƙasa, wadda ake yi shekara 2, sau da yawa a aji ana koyarwa. Kada ya raina ta, can mutane da dama suka koyi tsayawa gaban jama'a.

Amma a ganina babu abin da ke kashe wannan tsoro kamar sitaj, ko da na kyauta ne. Idan da hali, ku ɗauke masa kuɗin kabu-kabu na waɗannan watanni, ya fi ku saya masa sabuwar waya amfani. Akwai wata yarinya da aka kawo mini, ta yi kwanaki tana zaune jaka a kan cinya, ko ruwa ba ta iya tashi ta sha. Na ba ta rajistar wasiƙu na ce ta riƙa rubuta lamba da kwanan wata na duk takardar da ta shigo. Ƙaramin aiki ne, amma nata ne, kuma kowa sai ya bi ta teburinta. Kafin wata ya ƙare ita ke nuna wa baƙi ofishin da za su shiga. Ku da ke karɓar 'yan sitaj, don Allah ku ba su aiki tun ranar farko, kada ku mai da su 'yan aiken sayen abinci.

Shi kuma ɗalibin, ga abin da za ku gaya masa. Ya riga shugabansa zuwa. Ya gaida kowa, tun daga mai gadi, domin mai gadi da direba sun san gidan fiye da yadda yake zato. Ya riƙe ɗan littafi ya rubuta abin da aka nuna masa, kada a maimaita masa sau uku. In bai gane ba ya ce bai gane ba. Ɓarnar da ake yi a shiru ita ke ɓata wa manya rai. Ya koyi Excel da rubuta wasiƙar ofis. Ranar da zai gama, kada ya fita sai da takardar shaidar sitaj a hannu.

Ku kuma buɗe masa ido cewa aiki bai tsaya ga gwamnati ba. Masu fataucin albasar Galmi suna bukatar wanda ya iya lissafi da ajiye takardu, haka 'yan kwangila da ƙungiyoyin manoma.

In Allah ya sa ya samu, ya karanta kwantaragi kafin ya sa hannu, ya tambaya ko an yi masa rajista a CNSS, asusun da ke kula da fanshon ma'aikata. Ku dangi ku saurara masa da buƙatu a watannin farko, ya samu ya tsaya da ƙafarsa. Idan kuwa damuwar ta kai ya daina cin abinci, ya daina magana, ko yana cewa rayuwa ba ta da amfani, kada a tsaya ga nasiha kaɗai, ku raka shi wurin likita a makon nan.