Babi na 6: Jerin Abinci a Cikin Waya

Darasi na 1: Zanen da ke kan tebur

Yanzu a wasu gidajen abinci na Kano, Kaduna da Abuja, in kun zauna ba a miƙo muku takarda. Sai ku ga ɗan kati a tsaye a kan tebur, da zane baƙi da fari kamar saƙar tabarma, da ƙananan akwatuna uku a kusurwoyi. Sunansa lambar QR. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun sassan mota a masana'anta. Gidajen abinci sun rungume ta sosai a 2020, lokacin korona, da ake gudun takardar da ke bin hannu-hannu.

Kada ku tsaya neman harafi a ciki, babu. Waya ce ke karanta ta, ta buɗe muku jerin abinci.

Darasi na 2: Yadda ake buɗewa

Sai da waya mai kyamara da intanet. Ku kunna data tukuna. Ku buɗe kyamara, ku saita ta a kan zanen, tazarar kamar taƙi ɗaya, akwatunan nan uku duka su fito a fuskar waya. Ku riƙe hannu cak.

To, ga inda ake tuntuɓe: kada ku danna farin maɓallin ɗaukar hoto. Ku jira. Wani ɗan rubutu zai ɓullo a sama ko a ƙasa. Shi za ku taɓa da yatsa, sau ɗaya.

A sake. Saita, jira, taɓa rubutun. Ba hoto ake ɗauka ba. Wata baiwar Allah a ajinmu ta tara hotunan zanen nan fiye da goma a wayarta, tana cewa waya ta lalace. Wayarta lafiya lau, rubutun ne ba ta taɓa ba. Yau ita ke nuna wa jikokinta, ku ma za ku iya, sannu ba ta hana zuwa.

In rubutun ya ɓace, ku ɗan ja hannu baya, zai dawo. Ku taɓa shi. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Wanda ya miƙa wa ɗansa waya ya yi masa, gobe ma sai ya nemi ɗan. Ku cire yatsa daga farin maɓallin nan! Saita, jira, taɓa rubutun.

Da jerin abincin ya buɗe, ku ja yatsa sama a hankali. Ga hoton abinci, ga suna, ga kuɗi da alamar ₦ a gabansa.

Darasi na 3: Ga masu sayar da abinci

Mai saye yana jin daɗi in ya ga hoton tuwon shinkafa da kuɗinsa kafin ya yi magana, ba sai ya tambayi farashi a gaban baƙinsa ba. Abin da ke dawo da shi ke nan. Amma in waya ta ce akwai farfesun kayan ciki, aka ce masa ya ƙare, ko kuɗin da aka karɓa ya fi na rubuce, da wuya ku sake ganinsa. Ku riƙa gyara farashi ranar da ya canza.

Ku ajiye jerin abinci na takarda ko da biyu ne. Na ga dattijo ya juya katin nan, ya ajiye, ya ce a kawo masa ruwa kawai, don kunya. Yaron shago ya je ya ce, “Baba, in karanto muku?”

Darasi na 4: Hattara

In an manna wani zane a kan na asali, ku tambayi mai wurin. Jerin abinci ba ya neman lambar sirrin katin banki.

Aikin aji

Ku buɗe zanen da ke allon aji sau uku.