Malama, Hajiya ko Amira? Inda ake tuntuɓe wajen kiran mata masu ilimi

Kuskuren da ya fi yawa a birnin Kano shi ne a kira malama da Hajiya kawai, a tsaya nan. Dubi katin walimar sauka: an jera wa maza Shehu da Alaramma da Ustaz, amma matar da ta yi shekaru tana biya wa matan aure Ahalari da Ishmawi a Islamiyyar dare, an rubuta mata "Hajiya wance". Hajiya shaidar zuwa Makka ce, yanzu ma duk mai rufin asiri da ta shiga Kantin Kwari haka 'yan kasuwa ke kiranta. Ba ta nuna ilimi. Mai karantarwa Malama ce. In kana son girmamawa, haɗa biyun, Malama a gaba.

Wasu masu rubutu kuma sukan ce "limamiya" ga mai jagorantar mata. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a nan, sharaɗin liman ya kasance namiji, ko da mata ne zalla a bayansa. Mai yi wa mata tafsiri da azumi malama ce mai wa'azi, matar liman kuwa matar liman ce.

Amira muƙamin ƙungiya ne. FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya da aka kafa a Minna a 1985, haka take kiran shugabanninta. Amira tana iya zama malama, tana iya zama mai iya tafiyar da jama'a ce kawai, don haka kada ka kai mata fatawar gado saboda sunan.

Muƙaddama ta fi buƙatar hattara. A Tijjaniyya, sai wadda shehi ya ba izinin ba da wuridi ake kira haka. Yawan zuwa wazifa ko tsufa a zawiyya ba ya ba da sunan.

Sai masu cewa malantar mata sabon abu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa mata jagororin 'Yan Taru, wato mata masu neman ilimi, kowace ana ce mata Jaji, ana ba ta malfa da jan ƙyalle, ta koma ƙauye ta karantar. Sunan na ƙasar Sakkwato ne. In ka ce wa malamar unguwar Ƙoƙi "Jaji", sai ta juya ta ga da wa kake.