Yadda ake raba yaro da famfas, da abin yi idan ya makara

Tsakanin shekara 2 zuwa 3 yawancin yara suke iya riƙe fitsari da kashi da rana har su kai kan fo. Wasu kan nuna alamar shiri tun suna wata 18, wasu sai sun haura shekara 3 da 'yan watanni, kuma mata kan ɗan riga maza. Na dare lissafinsa daban ne: likitoci ba sa ɗaukar jiƙa shimfiɗa a matsayin matsala sai yaro ya cika shekara 5. Uwargida, ki riƙe waɗannan shekarun da kyau, domin a gidan haya na Agege ko Idi-Araba a Legas, inda kowa ke ganin shanyar kowa, ba za ki rasa maƙwabciyar da za ta ce nata tun yana wata 7 yake hawa fo ba.

Ba ƙarya take ba. Ɗora jariri a fo da zarar ya fara zama, ko zaunar da shi a kan ƙafafu ana yi masa "sss", al'ada ce mai kyau. Tana rage kuɗin famfas, tana kuma sa yaro ya saba da fo tun da wuri. Sai dai a wannan lokacin uwa ce ta haddace lokacin ɗanta, ba ɗan ne ya iya riƙewa ba. Ranar da ta shagala da girki, sai ya saki. Koyo na gaskiya shi ne yaro ya ji matsuwa, ya gane ta, ya riƙe, sannan ya tafi fo ko ya faɗa. Wannan sai jiki da ƙwaƙwalwa sun nuna, kuma dukan yaro ba ya gaggauta shi.

Kafin ki cire famfas

Ki duba yaron, ba kalanda ba. Famfas ɗinsa na kai awa 2 a bushe, ko yana tashi daga barcin rana bai jiƙa ba? Yana tsugunawa ya miƙe da kansa, yana iya sauke wando? In kika ce "kawo min takalmi" yana kawowa? Yana laɓewa bayan ƙofa in zai yi kashi, ko yana jan famfas in ya yi nauyi? In yawancin waɗannan sun haɗu, ya isa a fara.

Kada ki haɗa da yaye, ko haihuwar ƙani, ko tashi daga gida zuwa wani, ko tafiya Arewa yin Sallah. Abu ɗaya ake raba yaro da shi a lokaci guda. A Legas rani ya fi, daga Nuwamba zuwa Maris, saboda a Yuni da Yuli wando sai ya kwana biyu a kan igiya bai bushe ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jira sai ƙarshen Agusta, makaranta ta ce ba ta karɓar mai famfas a Satumba, sai a taso yaro a gaba da saura sati biyu. Wanda zai shiga nazare a Satumba, tun hutun Disamba ko na Afrilu ake fara masa.

Fo na roba mara ado za ki saya, mai faɗin gindi da ba ya kifewa, wanda in yaro ya zauna tafin ƙafarsa ke taka ƙasa sosai. Masu kiɗa da sitiyari asarar kuɗi ce, yaro ya mai da su abin wasa, ga wuyar wankewa. Ki tanadi wandon auduga 8 zuwa 10 masu roba a ƙugu, ba masu maɓalli ko zif ba, da ledar katifa, da ƙaramar buta tasa shi kaɗai, da bokiti mai murfi na jiƙa wanki. Lissafin ruwan da za ki saya wurin 'yan ga-ruwa zai ƙaru a satin farko, amma bai kai kuɗin famfas na wata ɗaya ba.

Kada ki fara da banɗakin gidan haya. Ga layi da safe, ga duhu in an ɗauke wuta, ga kyankyaso, ga bakin masai da ya fi ƙarfin ƙafafun ɗan shekara biyu. Yaron da ya tsorata da rami sau ɗaya zai iya ƙin wurin wata da watanni. Fo a lungu ɗaya na ɗaki ko baranda, kullum a wuri guda.

Kwanakin farko

Ki zaɓi kwana 3 da ba za ki fita ba. Da safe ki cire famfas, ki sa masa wando, ki gaya masa daga yau fitsari da kashi a fo ake yi. Ki naɗe kafet da darduma tun kafin a fara, domin tsoron najasa ne ke sa uwa ta daka tsawa ba ta shirya ba.

Ki ɗora shi da ya tashi daga barci, da minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci, lokacin da hanji ke motsawa da kansa, da kafin kwanciya, sannan kusan duk awa 2 a tsakani. Zama minti 3 zuwa 5 ne. In bai yi ba ya tashi. Barin yaro rabin awa a kan fo da waya a hannu ba ya koya masa komai. Kuma kada ki tambaye shi "kana jin fitsari?", a'a zai ce ko yana rawar matsuwa. "Zo mu je fo" kawai. Namiji ma a zaune zai fara, domin sau da yawa kashi yana biyo fitsari.

In ya yi a fo, ki yabe shi nan take, "yauwa ɗan albarka", ya wadatar. In ya yi a wando, ki ce "fitsari a fo ake yi", ki canza masa, a wuce wurin. Kaka, gwaggo, yayyensa da 'yar aiki duk su san wannan doka, kada wani ya yi masa waƙar tsokana ko ya kira shi ƙazami.

Da kin cire famfas da rana, kin cire ke nan, sai dai in kin yi sati 2 babu ko alamar ci gaba. Yau wando, gobe famfas saboda za a je suna, jibi wando, wannan ke ja wa aikin sati biyu ya koma wata shida. In fita ta zama dole, kuma kin san yadda cunkoso ke riƙe mutum a motar haya ta danfo daga Agege zuwa Obalende, ki sa masa wandon auduga a ciki, famfas a sama. Kayan mutane sun tsira, shi kuma zai ji jiƙa a jikinsa. Ki koya masa har da kalmomin da antin makaranta za ta gane, tunda ba lallai tana jin Hausa ba.

Inda aikin ke lalacewa: kashi

Fitsari yawanci yana zama a hankali. A kan kashi ake makalewa, kuma da yawa daga yaran da ake cewa sun makara ko suna da taurin kai, taurin kashi ne ke damunsu ba wanda ya lura.

Ga yadda yake faruwa. Yaro ya yi kashi mai tauri sau ɗaya, ya ji zafi, wataƙila har bakin duburarsa ya ɗan tsage. Gobe da ya ji matsuwa sai ya matse. Kashin da ya daɗe a hanji ruwansa ake tsotsewa, sai ya ƙara tauri da girma, fitarsa ta gaba ta fi ta baya zafi, tsoro ya ƙaru. Bayan makonni ƙarshen hanjin ya buɗe ya saki, har yaro ya daina jin matsuwar ma. Daga nan sai kashi mai ruwa ya riƙa silalowa ta gefen dunƙulen, yana ɓata wando kaɗan-kaɗan. Uwa ta ce gudawa ce ta nemi maganin tsai da ciki, uba ya ce ganganci ne ya ɗauko bulala, alhali yaron bai ma san ya fita ba. Wannan dunƙulen yana kuma danne mafitsara, shi ya sa irin waɗannan yara ke fitsari a kai a kai, suna jiƙa wando da shimfiɗa.

Ki kalle shi da kyau lokacin da kike zaton yana nishi. Ya tsaya a kan yatsun ƙafa, ya haɗe cinyoyi, ya sandare, ya riƙe bakin gado, idonsa ya yi ja. Wannan ba turawa yake ba, riƙewa yake da dukkan ƙarfinsa. Sauran alamu: kashi ƙasa da sau 3 a sati, ko ƙwaya-ƙwaya kamar na akuya, ko ƙato da kike mamakin yadda ya fito daga ƙaramin yaro, ko ɗigon jini a jikin kashin, ko ƙin abinci da ciwon ciki da ke lafawa bayan ya yi.

In kin ga haka, ki dakatar da maganar kashi a fo, ki gyara cikin tukuna. Burodin Agege da shayi da safe, Indomie da rana, biskit a tsakani, wannan cimar ba ta da abin da zai tausasa kashi. Ki shigo da wake, gwanda, kankana, lemo da tsokarsa ba ruwan kwali ba, miyar kuɓewa, alayyahu, zogale, da ayoyo, wanda Yarbawa ke kira ewedu, ga shi nan a kowace kasuwa da araha. Ruwa a kofi tare da kowane abinci da tsakaninsu, don zafin Legas yana tsotse yaro. Madarar da ta wuce rabin lita a rana tana toshe masa cin abinci, ki rage.

Amma in abin ya yi makonni, abinci kaɗai ba zai fitar da abin da ya riga ya daskare ba. Ki kai shi asibiti a rubuta masa maganin tausasa kashi, kuma ki sani shan sa na watanni ne, har hanjin ya koma daidai tsoron ya gushe. Iyaye kan daina da sun ga kashi ya yi laushi kwana uku, sai a koma gidan jiya. Kada ki cusa masa sabulu a dubura, kada ki ɗura masa agbo, wato jiƙon gargajiya na Yarbawa, ko maganin basir na masu talla.

Yaron da ya ce sai a famfas zai yi kashi, ki ba shi, ya fi ya riƙe. Sai ki bi da shi mataki-mataki. Satin farko a sa masa famfas ya yi a tsaye kusa da fo. Na gaba ya zauna a kan fo da famfas a jikinsa. Daga nan a kwance gefensa, ko a huda ƙasansa da almakashi, har a wayi gari an shimfiɗa famfas ɗin a cikin fo kawai. In gidan mai banɗakin zama ne, ki sa masa kujera 'yar tsuguno ya taka, gwiwoyi su ɗara ƙugu tsawo. Ƙafa na lilo ba a iya nishi. Ki ba shi balan-balan ya hura yana zaune, hakan na taimakawa wurin turawa.

Tsarki ke za ki ci gaba da yi masa har wajen shekara 4 ko 5, mace kuma daga gaba zuwa baya, don kada ƙwayoyin cuta su shiga mafitsara. Abin da ke cikin fo a masai ake zubarwa nan take, ba a kwata ba. Kashin yara yana ɗauke da cuta kamar na manya, kuma Legas ta ga ɓarkewar kwalara a 2024. Sabulu a hannunki da nasa kowane lokaci.

Yaushe ya zama makara

Ɗan shekara 3 da bai gama ba yana cikin sahu. In kin yi sati 2 babu ko alamar ci gaba, ki maida famfas ba tare da faɗa ba, ki sake gwadawa bayan wata ɗaya ko biyu. Wanda ya cika shekara 4 yana ɓata wando da rana shi ne ke buƙatar likita ya duba. Ba sai an jira shekara 4 ba in yana kuka lokacin fitsari, ko fitsarin na wari da zazzaɓi, ko yana ɗiga ba yankewa, ko yana yawan ƙishirwa da fitsari yana ramewa, wanda alamar ciwon suga ce, ko ya yi wata 6 a bushe ya dawo yana jiƙawa. Mai jinkirin magana ko fahimta zai ɗauki lokaci fiye da tsaransa, shi ma a nemi shawara da wuri. Ki fara da ƙaramin asibitin unguwa, in da buƙata su tura ki sashen yara na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ko na LASUTH a Ikeja, ko asibitin yara na Massey.

Na dare ba a koyar da shi. Jiki ne ke fara rage fitsarin da yake haɗawa cikin barci, kuma kusan 15 cikin 100 na 'yan shekara 5 har yanzu suna jiƙa shimfiɗa, musamman in uwa ko uba sun yi a ƙuruciya. In famfas ɗin dare ya wayi gari a bushe sati guda a jere, ki cire, ki shimfiɗa leda, ya yi fitsari kafin kwanciya, fo kusa da katifa da tocila. Mai sikila kuwa ƙodarsa ba ta iya rage fitsari kamar ta sauran yara, don haka yakan daɗe yana fitsarin kwance. Shi kada a kuskura a hana shi ruwa da yamma don a tsira da katifa, ƙarancin ruwa na tayar masa da ciwo. A ƙara leda da zanin gado, a kai maganar ga likitan da ke duba shi.